Kwas ɗin manufofin ilimi a Wuse 2, ya ci kuɗinsa?

Jama'a duk matashin da ke son shiga harkar tsara manufofin ilimi, akwai wata cibiyar horo a Wuse 2 mai kwas ranar Asabar, gaskiya malamar ta san aikinta. Ta warware mana dokar UBE ta 2004 (dokar ilimin bai ɗaya na matakin farko) dalla-dalla, yadda UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, ba ta sakin kuɗin jiha sai jihar ta ajiye nata kason tukun, shi ya sa kuɗi na kwance a Abuja yara a ƙauye na zaune a ƙasa, wallahi abin takaici. Maganar almajirai kam sama-sama suka bi ta, ya ban haushi sosai. Da ɗan tsada ga ɗan bautar ƙasa, intanet ɗinsu ma sai a hankali, ku taho da datarku.