Dashen haƙori ko na roba?

Tun da na cike giɓina jama'a a nan Gusau ke ta tambaya, dashe ko na roba? Dashe wani ɗan ƙarfen titaniyom ne likita ke kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ya kama kafin a ɗora haƙorin, kuɗi kam sai a hankali, amma ka ci tsire ka tauna goro ba fargaba. Na roba araha, ba tiyata, sai dai da dare ka cire ka jiƙa, in dasashi ya janye kuma ya dinga lilo. Mai sugan da bai daidaita ba da mashayin taba, dashe na iya ƙin kamawa. Mai giɓi ɗaya da hali, dashe. Baba mai giɓi rututu, na roba ya ishe shi.