Kawu, Ga Labarin Bakan da Kuka Ce In Aiko

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da su Inna da yara, da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Na ji saƙon muryar da kuka sa aka turo mini bayan kun ga hotona riƙe da baka, kuka ce in an samu mai tahowa gida in ba shi irinsa ya kawo muku. Na kwana biyu ina juya maganar. Na ga gara in zauna in zayyana muku yadda abin yake, yaro ya karanta muku a tsanake, sannan ku yanke hukunci.

Dabbar da muke bi a nan jihar Kolorado sunanta elik. Ku ɗauki gwanki ku ƙara masa ƙiba, ku ɗora masa ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Babban namiji yana haura kilo 300, kuma duk shekara ƙahon nan faɗuwa yake yi wani ya tsiro. Akwai kuma barewarsu mai kunnuwa irin na alfadari, wadda za ta yi uku ɗin tamu.

Shi bakan, gaskiya an yi sana'a. Yana da faifai biyu kamar ƙananan tayoyi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsirkiya tana zagaye su. Wani mutumin jihar Mizuri mai suna Allen ne ya ƙago shi, ya samu takardar mallakar fasahar a 1969. Nawa in za ka ja shi kamar kana ɗaga kilo 27 ne, amma da ka kai ƙarshen ja sai nauyin ya saki, ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, kana iya tsayawa a ɗame minti guda kana jiran dabba ta juyo. Ba da yatsu ake sakin tsirkiya ba, wani ɗan ƙarfe ne mai kunama irin ta bindiga ake ɗaurawa a wuyan hannu. Kibiyar ma ba kyauro ba ce, kabon ne, wani abu mai ƙarfi mara nauyi, goma sha biyu duk nauyinsu ɗaya. Sabo ɗan gaske irin na kamfanin Hoyt ko Mathews ya haura dala 1,000 tun ba a sa masa komai ba. Ni na hannu na saya.

A shagon ba miƙo maka kawai za su yi ka biya ka fita ba. Sai da aka auna faɗin hannayena, aka daidaita bakan da tsawona, aka kai ni wani dogon ɗaki a bayan shagon na yi ta harbi ta cikin takarda, mai gyaran yana duba yadda kibiya ta yaga ta yana murɗa ƙusoshi. Mun yi fiye da awa ɗaya a kan wannan. To Kawu, matsalar ta farko ke nan. Naku in tsirkiya ta tsinke a dawa, kafin la'asar kun murza wata. Wannan in ta tsinke sai an sa shi a wani inji da ke matse shi kafin a ɗaura sabuwa, wanda ya gwada da hannu yana iya rasa ido. Daga garinmu har Kano ban san inda za ku kai shi ba. Zai zama kayan ado ne a rataye a bango.

Sannan an hana dafi. Da na ba abokin aikina labarin yadda kuke dafa ƙwanƙwani ku shafa wa kibiya, Bature ne haifaffen nan, shi ya fara kai ni dawa, sai ya zaro ido ya ce a nan wannan sai kotu. Doka ta ce kan kibiya ya zama ƙarfe mai kaifi aƙalla biyu, bakan kuma kada jansa ya gaza kilo 16. Tun da babu dafin da zai ƙarasa maka aiki, dole kibiya ta shiga bayan kafaɗa ta huda huhu. Shi ya sa tun daga bazara mutum yake harbin buhu kullum da yamma.

Takardu kuwa sun fi bakan wahalar samu. Duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon ƙa'idar farauta ya ci jarrabawa. Bayan nan ka sayi lasisi, kuma lasisi ɗaya dabba ɗaya ce, an rubuta irinta, an rubuta yankin da za ka nema. Wurare masu kyau ƙuri'a ake yi, a cike takarda a farkon Afrilu, wani sai ya shekara goma yana jira. Lokacin 'yan baka daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne, shi ke nan. Ni da nake zaune a jihar, lasisin elik bai kai mini dala 70 ba, baƙo daga wata jiha kuwa wajen dala 800 yake biya a lokacin da na sayi nawa, kuma suna zuwa har daga Tekzas.

Da farko na ɗauka cuta ce tsagwaronta: dawan Allah, dabbar Allah, a ce sai ka biya. Daga baya na gane inda kuɗin ke zuwa. Wajen 1910 elik ɗin da suka rage a jihar nan ba su wuce dubu ɗaya ba, masu harbi don sayarwa sun kusa ƙarar da su, sai da aka ɗebo wasu daga jihar Wayomin aka zuba. Yau sun haura 280,000. Tun 1937 akwai dokar da ta sa haraji a kan bindiga da harsashi, daga baya aka haɗa da baka, kashi 11 cikin ɗari, kuɗin na komawa kula da namun daji. Da sanyi ma'aikata na hawa jirgi mai saukar ungulu su ƙirga garke, da wannan ƙidayar ake yanke yawan lasisin baɗi. A wani gari da ake kira Estes Park na ga elik sun tare titi, motoci sun yi layi suna jiransu. Na tuna kuna cewa rabonku da ganin gwanki tun ina goye.

Yanzu dutsen. Birnin Denba kansa yana kan mita 1,600, ya fi Jos tudu. Inda muke kafa tanti, a dajin gwamnati na White River, ya kai mita 3,000, ya ɗara Chappal Waddi na Taraba da ake cewa babu tudun da ya kai shi a Najeriya. Kwanan farko kaina kamar ana sara, in na yi taku ashirin sai na tsaya ina haki kamar tsohon jaki. A wasu sassan an hana duk abin da ke da taya, ko baro ne, sai ƙafa ko doki. Akwai masu hayar dawaki da jagora, su dafa maka abinci su kai ka har gaban dabba, amma dubban daloli ne, ba namu ba ne. Abin da ya burge ni shi ne in ka ɓata ko ka karye, 'yan sa-kai za su hau su sauko da kai ba su karɓi ko sisi ba, akwai ɗan abin da ake cira a kuɗin lasisi don wannan.

Ga abin da zai ba ku dariya. Abokina ya miƙo mini wata 'yar roba ya ce in riƙa matsawa ina duba iska. Na matsa, farar hoda ta fito. Na ce masa ai wannan tokar Kawu ce da yake ƙullawa a tsumma, kuɗi kuka saya? Haka suke da usur na roba da ake sawa a baki a kwaikwayi kukan macen elik, da wani bututu na kukan namiji, don Satumba lokacin barbararsu ne. Na ce mu burtu muke ɗaurawa a goshi mu yi rarrafe. Kayansu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma dabarar ita ce dai wadda kuka koya mini: da safe iska gangarawa take yi, in rana ta ɗaga ta juya ta hau, in dabba ta shaƙi warinka ka yi sallama da ita. Da duk na'urorin nan, cikin mutum goma masu baka wajen ɗaya ne ke komawa gida da elik. Ni ma shekara biyu ina dawowa da ƙafafu a kumbure, hannu rabbana.

Bana Allah ya nufa. Rana ta biyar a dawa, da hantsi, muna cikin wasu bishiyoyi masu farin jiki da ganyensu ya koma ruwan ɗorawa. Abokina ya koma bayana ya yi kukan mace. Can sai muka ji ƙarar reshe, wata babbar mace ta fito tana kaɗa kunne. Na'urar awon nisa ta nuna mita 28. Gwiwata tana rawa, wallahi. Na jira ta sa kai bayan bishiya na ja, ta ƙara taku biyu, na ce Bismillahi Allahu Akbar na saki. Ta zabura ta faɗa kwari.

A nan muka ɗan saɓa. Su al'adarsu in ba su tabbatar da harbin ba sai su bar dabba ta kwana, da safe a bi jini. Ni kuwa na tuna karatunmu na zaure, cewa abin da kibiyarka ta kashe halal ne matuƙar bai kwana ba ka gan shi ba, in ya kwana malamai sun yi saɓani. Na ce masa ni ba zan kai dare ba. Muka ba ta awa ɗaya muka bi. Inda jini ya ɗauke ya tsaya yana duba taswirar wayarsa, ni kuma na durƙusa na ga inda kofato ya ture gansakuka, yadda kuke nuna mini a fadama. Mita ɗari da wani abu muka same ta, rai ya riga ya fita, kibiya ta huda huhu biyu.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, balle wannan. Nan take na sa hannu a takardar lasisi na ɗaura mata, muka feɗe, muka rarraba, muka zuba a jakunkunan yadi muka rataye a inuwa saboda ƙuda da beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai cin nama. Barin nama a dawa babban laifi ne, cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya duk sai ka fito da su. Sawu biyu muka yi kowannenmu, kilomita biyar zuwa mota, da kaya kamar buhun siminti a baya. Sai bayan isha muka gama.

Akwai mahauta na musamman da ake kai wa naman dawa, su yanka, su niƙa, su naɗe kowane ƙulli da suna a jiki. Na kai wa wani, har zan tafi na ji yana tambaya ko kitsen da aka saba za a haɗa wa niƙaƙƙen. Na ce wane kitse? Ya ce na alade, don naman elik ba shi da maiƙo. Na ce a maido mini da kayana. A kicin na yi fawata kwana biyu, na cika firiza, sauran na yi kilishi, iskar nan busasshiya ce kamar hunturu, kwana ɗaya ya bushe. Sayar da naman dawa haramun ne a dokarsu, kyauta kawai aka yarda, don haka 'yan masallacinmu sun sha romo.

Abin da na yanke, in kun amince, maimakon bakan zan aiko muku da tabarau mai hangen nesa, da fitilar goshi mai caji, da wuƙa mai kyau da dutsen wasa ta, da takalmin dawa wanda ƙaya ba ta huda shi. Waɗannan babu wanda zai nemi inji. Akwai mai tahowa kafin azumi. Ku sa yaro ya ɗora ƙafarku ta dama a kan takarda ya zagaye ta da biro, ya auna tsawon da tef ɗin tela ya turo mini hoton, don lambar takalminsu daban take da tamu. A gaida Inna, a ce mata barkonon da ta aiko ya kusa ƙarewa.