Manhajar NHS App a Hannun Dattawanmu Mazauna Ingila

Ga dattijon da ke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga kullum, NHS App, wato manhajar waya ta hukumar kula da lafiya ta Ingila (NHS), tana da amfani ƙwarai, amma sai an samu an shiga. Wahalar duk tana bakin ƙofa, kuma ta fi cin tsofaffin da suka zo ƙasar da girmansu.

Manhajar kyauta ce, ta waɗanda suka yi rajista da asibitin unguwa, wato GP, a Ingila. Ita wannan rajistar ba ta buƙatar takardar zama ko shaidar adireshi, ko da ma'aikacin da ke kan teburin karɓar baƙi ya nema. Kafin a fara buɗe asusu a tanadi imel na mutum shi kaɗai, da wayar da za ta karɓi lambar tsaro mai alƙaluma 6, da lambar NHS mai alƙaluma 10 wadda ke kan wasiƙun asibiti da takardar magani. Miji da mata ba sa iya buɗe asusu biyu da imel ɗaya, ga shi dattawa da yawa imel ɗin da ke wayarsu wani ɗa ne ya buɗe, ya kuma manta kalmar sirrin.

Sai tabbatar da cewa kai ne. Ana ɗaukar hoton fasfo, sannan a ɗauki fuska da kyamarar waya, ko a naɗi ɗan bidiyo ana karanta alƙaluma 4. A nan abubuwa ke lalacewa. Hasken fitila yana ƙyalli a kan shafin fasfo sai rubutun ya ɓace, hannu mai rawa yana ɓata hoton, mai yanar ido kuma ba ya ganin umarnin da ke kan allo. Mafita ita ce a shimfiɗa fasfon a kan tebur kusa da taga da rana, a kashe filashi, kusurwoyi huɗu su fito.

Matsalar da ta fi shafar mutanenmu ita ce ta suna. Fasfo ya ce Muhammadu, asibiti ya rubuta Mohammed, ko an juya sunan uba ya koma na farko, ko an yi ƙaura ba a sauya lambar unguwa a kundin likita ba. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ne ba, sai ta ƙi. Maimaita hoton ba ya gyara wannan. A ɗauki fasfo a je asibitin a gyara kundin, kuma tunda an je, a nemi takardar rajistar shiga ta intanet mai ɗauke da lambobin shiga uku, wato Linkage Key da ODS Code da Account ID. Da waɗannan ukun ana shiga ba tare da hoton fuska ba. A ganina wannan hanyar ya kamata a fara nuna wa duk wanda ya haura shekara 70, amma an ɓoye ta a ƙasan shafi.

Bayan an shiga, sake neman magani shi ne abin da na fi yabawa. A zaɓi maganin a jeri, a tura, likita ya amince, saƙo ya tafi kantin maganin da aka zaɓa. Asibitoci da yawa suna buƙatar ranakun aiki 2 zuwa 3, don haka a nema tun saura mako guda ƙwayoyin su ƙare. Wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin magani a Ingila.

Sakamakon gwaji kuwa yana iya tayar da hankali. Dattijuwa za ta ga HbA1c, wato gwajin yawan suga a jini, ya nuna 50 da gajeren bayani da Turanci, ba wanda ya gaya mata cewa daga 48 zuwa sama ake kiransa ciwon suga, 42 zuwa 47 kuma gargaɗi ne. Manhajar da Turanci kaɗai take magana. Tafinta haƙƙin majiyyaci ne kuma kyauta, sai dai a asibiti ake nemansa, lokacin kama layin ganin likita. Shi kansa kama layin ta manhaja ya danganta da abin da asibitinka ya buɗe. Wasu ba sa nuna komai sai fom na bayyana ciwo.

Abin da nake roƙon 'ya'ya su daina shi ne riƙe kalmar sirrin Baba ko Hajiya. Akwai halattacciyar hanya: iyayen su ba da izini a asibiti, a haɗa bayanansu da asusun ɗa ko 'ya, kuma ana iya taƙaita shi ga magani kawai. Akwai ciwon da uwa ba ta so ɗanta ya karanta, kuma kunyarta abin kiyayewa ce. A kunna shiga da zanen yatsa, a ƙara girman rubutu a saitin waya. Idan za a tafi Kano ko Zinder hutu, kada a bar layin Ingila a aljihun tebur, domin lambar tsaro can za ta je.