A wasan golf, sandar cifa ko ta wej, wacce ta fi a bakin girin?

Ni dai na daɗe ina fama da wej, wato sandar da fuskarta ke kwance sosai don ɗaga ƙwallo sama, idan ƙwallo ta tsaya taku goma daga girin, filin gajeriyar ciyawa da ramin yake ciki, ko dai sandar ta caki ƙasa ƙwallon ta yi ɗan tsalle ta zauna a gabana, ko in buge ƙwallon a tsakiyarta da gefen sandar ta tsallake girin ɗin gaba ɗaya. Da rani ma abin ya fi muni, ƙasa ta bushe ƙarau kamar daɓe, wej sai ya yi tsalle a kai.

Cifa kuwa, sandar ɗan gajeren bugu ce a kusa da girin, tsawonta kusan na fota ne, wato sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, kwanciyar fuskarta kamar ta ayon (sandar ƙarfe) mai lamba 8 ko 9, ta cifar kamfanin Ping mai suna ChipR digiri 38.5 ce, kuma yadda kake buga fota haka za ka buga ta, ba lanƙwasa wuyan hannu, ƙwallo ta ɗan tashi ta sauka ta gangara zuwa rami. Wallahi ga wanda hannunsa ke rawa ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa aikinta ɗaya tak. Ramin yashi a gabanka ko ciyawa mai tsawo, sai wej mai digiri 56 ya fitar da kai. Kuma sanda 14 doka ta yarda ka ɗauka, in cifa ta shiga jaka dole wata ta fita, sannan cifa mai fuska biyu ba a yarda da ita a gasa ba.

Ni na ajiye ayon 4 da ban taɓa bugawa daidai ba, na sa cifa, wej ɗina kuma yana nan.