DropIt ko Power Automate? Amsa ga mai son folda ta riƙa aiki da kanta

Wa alaikumus salam Malam. Tunda so kake duk abin da sikana ta zuba a folda ya wuce inda ya dace ba sai ka taɓa ba, ka ɗauki DropIt kawai, wato manhajar kwamfuta mai rarraba fayiloli da kanta.

Da ita nake aiki a shagona a Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ruwanta da intanet, har akwai wadda ake ɗorawa a filasha ba sai an sa ta a kwamfuta ba. Za ka nuna mata foldar da za ta sa wa ido, ka faɗa mata duk bayan daƙiƙa nawa za ta leƙa, sannan ka kafa mata doka: duk *.pdf, wato fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .pdf, ya shiga folda mai ɗauke da kwanan watan ranar, duk *.jpg ya tafi wajen hotuna. Tana kwafa, tana sauya suna, tana matse fayiloli a zip, har firinta tana turawa. Lokacin rajistar ɗalibai, layi har bakin titi, yaron shago sai dai ya ɗora takarda ya danna. In ɗaliba ta dawo bayan sati tana cigiyar takardar haihuwarta, ranar da ta zo kawai nake tambaya, in buɗe foldar ranar, ga ta nan. Wallahi ta rage min ciwon kai ba kaɗan ba. Sai dai kar ka matse tazarar leƙen sosai, ka bar sikana ta gama ajiye takarda mai shafuka da yawa kafin a ɗauke ta. Kuma ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto, da suna da girma da kwanan wata take gane fayil.

Power Automate ta Microsoft ce, tana zuwa da Windows 11, kuma ta fi iya abubuwa, ba musu. Amma sai da asusun Microsoft, tana son intanet, in kuma kana so ta riƙa tashi da kanta, sai ka biya lasisi. Ta yi wa ƙaramin shago yawa.

Don Allah ka kiyayi masu yawo da filasha suna sayar da manhaja wai "mai lasisin har abada". Yawanci fasasshiya ce, wani lokaci da bairos a ciki, ga kwamfutarka cike da takardun mutane. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin DropIt cutarka zai yi. Ka sauke ta da kanka daga SourceForge, shafin intanet da ake sauke manhajoji kyauta, ka fara gwadawa da kwafin fayiloli kafin ka sake mata na kwastomomi.