Man shanun Vechur: tsada da dalilinta, talla kuma ta yi yawa

Na sayi soyayyen man shanun Vechur (wani irin ƙananan shanun gargajiya ne) a wata ƙaramar gona da ke gefen Thrissur, a jihar Kerala ta kudancin Indiya, inda maigidana yake karatu. 'Yar kwalba ce, amma kuɗinta ya ninka na man kanti nesa ba kusa ba. Ni da na saba taya man shanu a ƙwaryar Bafulatana, sai da na yi jim kafin na miƙa kuɗin.

Man kam ya yi. Ruwan ɗorawa ne, idan ya daskare yana yin tsaki-tsaki, ƙamshinsa kuma bai kai namu na gida ƙarfi ba. Cokali ɗaya ya ishi tuwon shinkafa da miyar kuka (kukar daga gida na taho da ita, a nan ko labarinta ba su sani ba).

Sai da na ga saniyar na daina ƙorafin tsada. Tsayinta kamar santimita 90 ne, nauyinta wajen kilo 130, ga ɗan tozonta, kai ka ce maraƙin Bunaji ne. Abin da ake tatsa a rana ba ya wuce lita 3. Daga nan za a cire rabon ɗanta, a kaɗa sauran a fitar da mai. Nawa zai rage? Sai dai cinta kaɗan ne, kuma tana jure zafi da cuta.

Saura ƙiris irin ya ƙare. Tun wajen shekarun 1960 gwamnatin Kerala ta koma haɗa shanun gida da na Turai irin su Jersey don a samu madara da yawa, aka riƙa dandaƙe bijiman gargajiya. A 1989 wata malamar jami'ar aikin gona ta Kerala, Sosamma Iype, ta shiga ƙauyuka da ɗalibanta suna cigiyar waɗanda suka rage, suka fara garke da shanu takwas kacal a Mannuthy, kusa da Thrissur. A 2022 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri. Sunan Vechur kuwa na wani ƙauye ne a gundumar Kottayam. Yau masu kiwon saniyar ba za su riƙe ta ba sai idan mai da madararta suna biya musu wahala.

Abin da ya ɓata min rai shi ne bakin mai sayarwa. A cewarsa man yana maganin ciwon sukari, da asma, da mantuwa. Haba malam! Mai ne, mu ci mu gode Allah. Kwalbar ma babu ranar da aka soya shi a jikinta, sai da na tambaya.

Wanda zai saya, ya je inda zai ga saniyar da idonsa, don da ɗanɗano kaɗai ba za ka bambance shi da na wata saniya ba. Ni zan koma, amma ƙaramar kwalba zan ɗauko don tuwo. Suya kuwa da man kwakwa nake yi, kamar maƙwabtana.