Ubuntu ko Linux Mint ga tsohuwar kwamfuta?

Malaman makaranta a ƙauyukan Ringim masu kwamfutocin gwanjo sun shiga neman mafita tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025. Ubuntu da Mint, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, duk kyauta ne, Mint ma a kan Ubuntu aka gina shi.

Bambancin yana wajen nauyi. Sauke Ubuntu 24.04 na cin kusan giga 6 na data, Mint kusan 3. Inda sai an hau tudu kafin sabis ya kama, wannan ba wasa ba ne. Ubuntu 24.04 na son RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) giga 4, Mint na Xfce (samfurinsa mara nauyi) kuwa yana lallaɓawa da 2, ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu kamar Windows, ga LibreOffice na buga takardun jarrabawa.

Ubuntu ya fi yawan masu taimako a intanet. Ni dai Mint nake ba su, a fara gwadawa daga filash.